Ƙeyar Baƙo Wanzami

A Malbaza an yi wani lokaci da ƙeyar Baƙo Wanzami ta fi fuskarsa suna. Fuskar ba ta da wani abin faɗa. Doguwa ce, da tsagen gidansu a kumatu, da ɗan gemu da yake gyara wa kansa ba madubi. Amma ƙeyar, wadda take a aske tas tana ƙyalli a ƙarƙashin hula, ita mutane suka fi sani, don ita suke kallo daga baya a gidan bidiyon Rabi'u duk ranar da aka sa fim ɗin ban tsoro. Ba ta motsi. Ko me ya fito a talabijin, tana nan daram kamar turmin da aka kife.

Baƙo mutumin Dogarawa ne. Wanzanci gadonsa ne, wurin ubansa ya koya. Ya taso Malbaza yana saurayi, sa'ad da aikin siminti ya fara tara mutane, ya shimfiɗa tabarmarsa a gindin wata darbejiya kusa da tasha, kuma a nan ya tsufa. Ma'aikata kan fito fari fat, siminti har cikin kunne, su zauna ya aske su. Direbobin manyan motoci su zo da ciwon baya ya kafa musu ƙaho. Ranar suna a aiko ya je ya aske jariri. Amma duk wannan, in ji shi, miya ce, tuwon sai sanyi ya shigo. Da ɗari ne iyaye ke tara yara maza a yi musu kaciya, kuma abin da wanzami ya samu a 'yan makonnin nan, hatsi da kaji da tufafi, shi ke riƙe gidansa har damina. Ba kowa ake miƙa wa yaro ba. Uba na neman wanda hannunsa ba ya rawa, wanda ihu ba ya girgiza shi. A unguwarmu, shekara da shekaru, ba a ma tambaya. Baƙo ne.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin Rabi'u, ɗan wani mai motoci na Konni, ya zo da talabijin da na'urar bidiyo da ɗan injin wuta. Ya kama wani dogon ɗaki a bayan tasha, ya toshe tagogi da takardun buhun siminti, ya jera katako a kan bulo, shi ke nan an yi gidan kallo. Direbobi ke kawo masa kaset daga Sakkwato. Akwai na rawa da waƙa, akwai na masu faɗa da ƙafa, akwai kuma na dodanni. Maganar ciki Turanci ce ko Faransanci, kuma ko wanda ya yi lakwal, wato boko, ba ya jin rabinta saboda ƙugin injin.

Ranar farko da Baƙo ya shiga, Rabi'u ne ya ja shi bayan ya gama yi masa aski. Don girmamawa ya zaunar da shi a bencin gaba, daf da talabijin, ba kowa a gabansa. Fim ɗin na wata mata ce da ta mutu amma ta ƙi barin gidan da take aure. Da aka kai tsakiya ɗaki ya rikice. Wani ya tsallake benci ya bar takalminsa. Wani direba mai ƙaton ciki ya kama salati da ƙarfi har ya danne ƙarar injin. Da aka kunna fitila, mutum ɗaya ne bai gusa daga inda yake ba. Baƙo ya miƙe, ya karkaɗe riga, ya rataya zabirarsa ta kayan aski, ya ce, "To, madalla. Ta yi ƙoƙari."

Washegari da safe aka kewaye shi a teburin Jibo mai shayi, don da yawa daga waje suka ƙarasa kallon, suna son su ji yadda aka ƙare. Baƙo bai yi gaggawa ba. Ya juya shayinsa, ya kurɓa, sannan ya soma. Ya faɗi yadda gashin matar ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa yana jan ciki, yana shafa yatsun ƙafar masu barci ɗaya bayan ɗaya, yana zaɓe. Rana ta fito, motoci na ta hayaniya, amma tsigar jikin mutane ta tashi. Wani ya ɗage ƙafafunsa ya ɗora a kan benci bai sani ba.

Tun daga ranar ya zama alƙalin finafinan ban tsoro na garin. In sabon kaset ya zo, Baƙo ke fara gani, da safe a tambaye shi, "Wanzam, a shiga ko a bari?" Yana da ma'auninsa da ya ƙirƙiro. Mafi ƙanƙanta shi ne na tuwo, wato kana kallo kana cin abincinka, loma ba za ta tsaya maka ba. Sai na waiwaye, wanda za ka kai kanka gida amma wuyanka zai gaji. Sai na rakiya, wanda za ka raka abokinka gida, shi ma ya ga bai kamata ka koma kai kaɗai ba ya rako ka, ku yi ta raka juna. Na ƙarshe, wanda ba kasafai yake ba da shi ba, shi ne na ɗakin inna. Wannan shi ne fim ɗin da ke sa magidanci da gemunsa ya tuna ya daɗe bai gai da tsohuwarsa ba, ya ɗauki tabarma ya je ya kwana a bakin ƙofarta. In Baƙo ya ce kaset na ɗakin inna ne, Rabi'u sai ya yi ta maimaita shi, har daga ƙauyuka ake zuwa.

To, ga abin da ƙeya ba ta nunawa. Baƙo ba ya kallo.

Shi da bakinsa ya ba da labarin bayan ya tsufa, yana dariya har da hawaye. Ya ce tun ranar farko, da ya ga hannun matar nan ya leƙo ta jikin ƙofa, idonsa ya rufe kansa, kuma daga nan ya zame masa jiki. Da zarar kiɗa ya canza, sai ya runtse ido gam, ya dafe gwiwoyi, ya kama karanta duk addu'ar da ya iya a zuci. Rashin motsin da ake yabo ba jarumta ba ce, sandarewa yake yi. Jinin gaske bai taɓa damunsa ba, don ya san inda ya fito, ya san yadda ake tsayar da shi. Abin da ba ya iya ɗauka shi ne abin da aka binne ya ƙi zama. To a cikin duhun idonsa sai ya yi ta sauraro, ƙarar ƙofa, numfashi, ihu, kansa kuma ya cike sauran. Abin da kansa ya nuna masa shi yake faɗa da safe.

Za ka ce to sauran masu kallon fa, ba su da ido? Suna da shi. Sau ɗaya wani ma'aikaci ya ce, "Wanzam, ni fa ban ga inda ta haɗiye agogon bango ba."

Baƙo ya dube shi ta saman kofi, da tausayi. "Ba ka gani ba? Ashe ka rufe ido a wurin. Ba komai, ɗana. Ba kowa ke iyawa ba."

Aka yi ta yi wa mutumin dariya har ya bar shayinsa. Daga ranar, duk abin da Baƙo ya ce an gani, kowa ya gani. Wasu har ƙari suke yi. Ai kowa ya san a ransa akwai inda ya sunkuyar da kai, wa ya sani ko a daidai nan ne aka haɗiye agogon?

Yana da ra'ayi mai ƙarfi a kan tsofaffin finafinai da sababbi. Tsofaffin nan marasa kala, baƙi da fari, su yake yabo. "Waɗannan suna da tarbiyya," in ji shi. "Dodo zai zo, sai an yi mashi kiɗa, ya tako a hankali, ya yi gyaran murya. Na zamani kau 'yan iska ne. Ba sallama, kana zaune sai ka ga abu a fuskarka." Mutane su gyaɗa kai su ce lallai Wanzam ya san fim. Ba su san tsofaffin na ba shi lokacin rufe ido ba ne.

Mutum ɗaya ta sani, Kande mai ƙosai. Da safe tana suya a gefen teburin Jibo, da yamma ta ɗauki tiren gyaɗa da dafaffen ƙwai da ragowar ƙosai ta shiga gidan bidiyo. Ƙofar ɗakin kuwa ta wajen talabijin take, don haka duk wanda ya shigo ana cikin kallo, fuskokin mutane yake fara gani a cikin hasken. Kande ta ga idon Baƙo tun makon farko. Kuma ba ta ɓoye ba. Kullum sai ta faɗa, da ƙarfi, a gaban kowa.

"Ga sarkin matsorata ya iso! Jiya ma ido a rufe, kamar ɗan kyanwar da aka haifa yau."

"Ku ji baiwar gidanmu," in ji Baƙo. "Kande, ƙosanki na gani a tire, shi na rufe wa ido. Ya fi dodon muni."

"Baiwar wa? Ubana ya sayi uwarka da ƙwaryar dawo!"

Sai a fashe da dariya, ba mai ɗaukar komai. Dalili kuwa, Kande taubashiyar Baƙo ce. Ubanta da uwarsa ciki ɗaya suka fito, kuma tsakanin ɗan mace da ɗan namiji ba abin da ba a faɗa. Ta taɓa cewa ya aske jaki bisa kuskure bai gane ba sai da jakin ya ƙi biya. Shi kuma ya ce da baƙin man mota take suya. Maganar rufe ido sai ta shige cikin waɗannan ta zauna lafiya. A wurinmu, wanda ya ɗauki zancen taubashi da gaske shi ake yi wa dariya.

Haka aka yi ta tafiya har shekarar da Mahamudu ya zo. Wanzami ne daga wajen Illela, bai kai Baƙo shekaru ba, yana da sabuwar zabira da almakashi da madubi mai ƙafa. Ba mugun mutum ba ne, abinci yake nema. Sai dai baƙo ne a garin, bai san wa ya haifi wa ba. Ya zauna shan shayi ya ji Kande na ta zuba, ya ga kowa na dariya, shi kuwa bai yi ba. Da mutane suka watse ya matso kusa da kaskonta.

"Yaya Kande, wai da gaske ne abin da kike faɗa?"

Ita ta ɗauka ya shigo wasan ne. "Na rantse da kaskon ga. Ka tsaya inda nike tsayawa ka sha kallo."

Mahamudu ya tsaya. Da yammar nan ya maƙale a bakin ƙofa kamar mai jiran wani, kiɗa ya canza, ya ga abin da Kande ke gani.

Sanyi ya riga ya fara shigowa. A shekarar, Baba Halilu, dattijon unguwa, yana da jikoki da dama da suka isa kaciya, kuma a zaurensa ake tara yaran unguwa duka. Wanzamin da ya kira shi zai yi wa kowa. Wurinsa Mahamudu ya nufa, ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya ɗan yi kewaye-kewaye, sannan ya sauke.

"Baba, mutumin da hoto ke sa ya runtse ido, in yaro ya ƙwalla ihu aska na hannunsa fa?"

"Wa ya gaya maka wanga zance?"

"Kande mai ƙosai."

Baba Halilu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Yaro, taubashiyarsa ce. Gobe za ta ce maka ƙahoni gare shi."

"Na je na gani da idona, Baba."

Dariyar ta tsaya. Tsohon ya ci gaba da jan tasbaha. Jikoki ba abin wasa ba ne. Can ya ce, "Ban taɓa shiga ɗakin kallon nan ba, amma zan shiga. Ran Juma'a bayan la'asar Rabi'u ya sa mafi sabon abin da yake da shi. Kai da Baƙo ku zauna a gaba, kafaɗa da kafaɗa. Ni zan zauna gefen akwatin in juya mashi baya. Ba ruwana da dodo. Ido zan kalla."

Kafin azahar labari ya gama gari. Da aka faɗa wa Baƙo, cewa ya yi, "To, Allah ya kai mu." Amma ranar ya wuni yana wasa aska ɗaya a kan fata, har muka ce zai cinye ta.

Ran Alhamis ya tafi gidan Kande. Ya same ta a tsakar gida tana wanke waken gobe. Bai ko zauna ba.

"Kin kashe ni, Kande."

"Ni? Shekara nawa ina faɗa, wa ya taɓa ji? Ina na san akwai wawan da bai san taubashi ba?"

"In kaciyar bana ta wuce ni, ta baɗi ma ta wuce. Wa zai sake ba ni ɗansa? Ke za ki ciyar min da gida?"

Kande ta ci gaba da murza wake. Can ta ce, "In kawo maka tsinken ashana mu tokare su?"

Ya juya zai fita.

"Dawo, bawan gidanmu. Zauna." Ta tsame hannu ta goge a zane. "Kai ba ka taɓa ganin dodannin nan ba. Ni kullum ina ganin su, in na juya ba da canji. Wallahi abin da kake faɗa da safe ya fi su muni nesa ba kusa ba. Ranar da ka ce ta haɗiye agogo, tsaye kawai ta yi tana girgiza kai kamar mai ciwon haƙori."

"Ba ni ke rufewa ba. Da abin ya taso, idanun ke rufe kansu."

"In mutum ya zauna a tabarmarka, cikin idonsa kake kallo?"

"Me zan yi da idonsa? Kai nake dubawa, da ƙeya, da inda gashi ya kwanta."

"To gobe ka ɗauka aski suka zo. Kar ka dubi idon kowa. Ka dubi aikin da ke kansu. Ƙazamai ne, za ka samu aiki."

Baƙo ya yi tsaki. "Yau ga ni ina karɓar shawara wurin mai ƙosai."

Yana bakin zaure ta ɗaga murya. "In ka suma, zabirar tawa ce!"

Ran Juma'a ɗakin ya cika har ba wurin sa ƙafa. Waɗanda ba su samu shiga ba suka ɓule takardun taga suna leƙe. Baba Halilu ya zauna a kujera gefen talabijin, ya ba ta baya, tasbaha a hannu. A gabansa wanzamai biyu, kowa da zabirarsa a cinya. Kande na bakin ƙofa da tirenta.

Fim ɗin sabo ne fil, mai kala, irin marasa tarbiyyar nan. Labarin wani Bature ne mai injin niƙa da ya mutu tun da daɗewa aka binne shi a bayan injin. Wasu matafiya ruwa ya kama su suka fake a wurin. An nuna suna hura wuta, suna hira, ba kiɗa ba komai. Kwatsam ƙasa ta tsage, mutumin ya taso zaune.

Ɗaki ya ɗauki ihu. Fatar idon Baƙo ta yi rawa, ta sauko rabi. Tasbahar Baba Halilu ta tsaya cak.

Sai Kande ta buga tire da cokali. "Wanzam! Ga mai aski ya zo maka, ka tashi ka yi aiki, malalaci!"

Mutane suka yi 'yar dariyar tsoro, sun ɗauka tsiyar da aka saba ce. Baƙo ya ja numfashi, ya ɗaga ido ya sauke shi a saman kan mutumin, can inda gashi ya fara. Daga nan ya gangaro gefen kunne. Ya gangaro haɓa. Muka ga ƙeyar nan da ba ta taɓa motsi ba ta karkata gefe ɗaya, ta matsa gaba.

"Tsaya," in ji Baƙo. "Shekara nawa aka ce wanga ya yi a ƙasa?"

Wani da ya yi lakwal ya amsa daga baya. "Sun ce ɗari."

"Ɗari! Ku dubi haɓarsa. Wanga askin jiya ne! Ga ma inda aska ta ɗan kama shi ƙarƙashin kunne. Wane wanzami ke bin su can ƙasa yana ƙwace muna aiki?"

Wani ya yi dariya, wani ya ce a yi shiru. Mataccen ya fito yana jan ƙafa, ya kama ɗaya daga matafiyan, jini ya fantsama a bango.

"Wanga jini ne?" Muryar Baƙo ta fara hawa, kuma ba tsoro a cikinta, fushi ne. "Zoɓo ne! Jini ya taɓa tsayawa ja haka har ya gangara ƙasa? Rabi'u, abin da kake nuna muna ke nan shekara da shekaru?"

"Wanzam, ai kai ke gaba kullum," in ji Rabi'u.

"Ina gaba mana. Haƙuri nike yi da ku. Yau ya ƙare."

Duk wannan abin Mahamudu na zaune a sandare. A ba shi haƙƙinsa, bai rufe ido ba. Ya buɗe su har sun yi ja don ko ƙiftawa yana jin tsoron yi a gaban tsohon. Ya cije haƙora, gumi na bin wuyansa duk da sanyi.

Aka kai inda mataccen ya ritsa wata mata a bayan buhunan gari, ya sunkuya ya kafa baki a maƙogwaronta. Ɗaki ya yi tsit. Baƙo ya tafa hannu.

"La'ilaha! A nan ake tsotsa? A gaban wuya? Kuma ya haɗiye! Wa ya koya mashi aiki? Mu da muke ja da ƙaho, ka taɓa ganin mun haɗiye? Mataccen jini ai a baya yake taruwa. Nan, ka gani, daidai nan."

Ya miƙa hannu don ya nuna wurin, hannun nan da sanyi ƙalau, ya dafa ƙeyar Mahamudu. A daidai lokacin matar ta ƙwalla ƙara.

"Wayyo inna!"

Mahamudu ya yi sama. Katakon ya tashi daga kan bulo, madubi mai ƙafa ya fito daga zabira, shi kuma ya sauka a cikin tiren Kande. Gyaɗa ta watsu har benci na baya. Na waje da ba su ga abin da ya faru ba suka ji ihu suka zuba a guje, ɗaya har ya bar hularsa a taga.

Baba Halilu ya miƙe a hankali, ya sa tasbaha a aljihu. "Kashe abin nan, Rabi'u. Na ga abin da na zo gani." Ya dubi Baƙo. "Ran Asabar ta sama, da sassafe. Ka wasa aska." Ya dubi Mahamudu da ke tsince ɓawon ƙwai daga riga. "Kai kuma ka zo ka riƙe mashi yaran. Na ga kana da ƙarfin ƙafa."

Da zai wuce ya ɗan sunkuyo kusa da kunnen Baƙo. "Da farko na ga kamar idon zai tafi."

"Siminti ne ya faɗa min, Baba."

"To," in ji tsohon. "Allah ya raba mu da siminti."

An yi kaciya lafiya, yara duka suka warke, Mahamudu ya riƙe ƙafafu, ya samu rabonsa na kaji. Gidan Baƙo ya ci tuwo har damina.

Sai dai wani abu ya lalace. Washegarin gwajin aka tambaye shi hukunci, ya ce, "Na tuwo. Har da ƙari." Kaset na gaba ma na tuwo. Na bayansa ma haka. Tunda ido ya buɗe ya ƙi rufuwa. Ya ga ɗinki a bayan rigar dodo. Ya ga inda aka manna wa wani gemu da ƙaro, gefe ɗaya ya ɗago. Kuma ba ya iya yin shiru, ana cikin kallo yake faɗa. Mutane suka daina jin tsoro, da suka daina jin tsoro suka daina zuwa. Ba mai raka kowa gida. Tsofaffi mata suka fara tambaya ko 'ya'yansu sun yi fushi da su ne. Teburin Jibo da safe ya koma zancen farashin taya. Rabi'u ya zo har gindin darbejiya yana roƙo, "Wanzam, ko na waiwaye ne ka ba ni guda." Baƙo ya ce ba zai yi ƙarya ba. Shi kansa ya rame a fuska. Ya kan zauna ya yi tagumi ya ce, "Shekara da shekaru ashe masu gemun ƙaro ne."

Wata yamma ana kallo, ɗaki rabi ba kowa, Kande ta shigo da tirenta a cike kamar yadda ta fito da shi daga gida. Ta tsaya a gaban Baƙo, ta tare masa talabijin, ta riƙe ƙugu.

"Kai, rufe idon nan haka nan! Ka kashe muna kasuwa."

'Yan mutanen da ke ciki suka yi dariya. Kande ce da taubashinta. Ta wuce baya tana kiran gyaɗa. Can kiɗa ya canza, sai muka ga ƙeyar nan ta miƙe, ta tsaya daram kamar da.

Da safe Baƙo ya iso teburin Jibo, ya juya shayinsa, ya kurɓa, bai yi gaggawa ba. Sannan ya soma faɗin yadda abin ya fito daga cikin randa da tafin ƙafarsa a juye, yana tafiya gaba sawunsa na komawa baya, yana kiran mutanen gidan da muryar iyayensu. Direbobi suka bar motoci a kunne suka matso. Jibo ya manta da ruwa a wuta.

"To, Wanzam, a shiga ko a bari?"

"Wanga," in ji Baƙo, "na ɗakin inna ne."

Mahamudu na zaune a ƙarshen benci, shi ma ya kalli fim ɗin jiya daga farko har ƙarshe. Ya buɗe baki. "Ni fa ban ga wata randa..."

Kowa ya juyo. Baƙo ya dube shi ta saman kofi, da tausayi. Kande ta tsayar da matsami a cikin mai tana jira.

Mahamudu ya kai hannu ya shafa ƙeyarsa.

"Na tuna," ya ce. "Na gan ta. Har da murfi."